Matuƙin da Ke Tsaye a Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya ina juya layin dogo
a Ƙaura, inda ƙarfe ya ce nan na tsaya.
Jirgin da na sani mai nauyi ne, mai hayaƙi,
in ya yi kuka daga nesa, akuya ta san hanyar gida.
Yau ciyawa ta haɗiye layin,
maƙullina na jingine a lungu yana cin tsatsa,
ni da shi duka mun zauna a ƙasa.

Ranar da fansho ya faɗo na hau mota sai Gusau.
A rumfar Labbo, tsakanin fitilun caji da rediyo,
ga su rataye da zare kamar busasshen kifi.
Akwai mai farfela huɗu da ido a ciki, kuɗin rago.
Akwai ja mai saukar ungulu, sai ƙyalli.
Labbo ya dubi furfurata, ya dubi aljihuna:
"Baba, da jaki ake koyon hawa.
Ɗauki wannan na farin soso mai faɗin fiffike,
in ya karye, gam na ɗari biyu ya ishe shi.
Ƙara batiri ɗaya da farfelar ajiya,
canjin ka saya wa jikoki masa."

Ige ta buɗe kwalin, ta rufe.
Ta ce, "Tsararka na sayen tunkiya,
kai ka je har birni ka sayo wasa."

Sai da na fara kai shi gidan mai unguwa,
don a nan, abin da ke ƙugi a sama
ba dariya yake kawowa ba,
uwa kan suri ɗanta, a turo ƙyaure.
Ya auna shi a tafi, ya ce bai kai ɗan tsako ba.
"Bayan tasha, da hantsi. Kuma kar ka yi nisa."

Babban yatsana ya saba da ƙarfe mai taurin kai,
na danna ɗan sandan kamar ina karkatar da tarago.
Ya tashi, ya yi alkafura,
ya kafa hanci cikin turɓaya.
Na biyu aduwa ta karɓe shi, sai da gora.
Na uku ban ma ga inda ya bi ba,
wani mai kiwo ya kawo shi yana riƙe da nesa da jiki
kamar ya tsinci kasa.

Shafa'atu jikata ce ta karanta takardar.
"Kaka, fuskanci iska kafin ka sake shi.
Taɓawa ake yi, ba turawa ba.
In ya juyo yana kallonka,
damarka ta zama hagunsa."
Na yi shiru.
Shekara nawa nake rigima da mutane
ban san wannan ba, sai a bakin 'yar aji shida
da har yanzu ba ta iya tuƙa tuwo ya isa.

Tsinken tsintsiya ya zama ƙashin fiffike.
Batirin na kwana wurin mai caji
cikin wayoyin mutane, naira ɗari,
duk don minti bakwai.

Amma minti bakwai ɗin!
Jiya ya miƙe, ya bi layin dogo ta sama,
ya wuce inda ƙarfen ya ƙare bai tambayi kowa ba.
Shirwa ta sauko ta zagaye shi sau biyu,
ta ga babu nama, ta tafi.
Wuyana ya ƙage, idona ya yi ruwa,
gwiwata na rawa, yatsana kuwa lafiya lau.
Na rage wuta, ya zo yana sulalowa,
ya sauka a dakalin tasha, ya ɗan ja ciki,
ƙafa ɗaya ta fita. Ba komai, akwai gam.

Da na waiga, ga Ige da tulu bakin famfo,
tulun ya cika yana zuba,
ita ko kanta na bisa.